Inda Maganin HIV Ke Riƙe Bairos

Fiye da mutum miliyan 30 ne ke shan maganin HIV a duniya a yau, kuma mafi yawansu ƙwayar magani ɗaya tak suke haɗiya a rana, wadda ke danne cutar har gwajin jini ya kasa gano ta. Abin da ya daɗe yana jan hankalina shi ne abin da ke biyo bayan haɗiyar, wato lokacin da sinadarin ya bi jini, ya shiga tantanin garkuwar jiki, ya lalubo wani ɗan gurbi a jikin furotin ɗin bairos ɗin, ya maƙale a wurin. Gurbin nan ƙarami ne matuƙa, amma a cikinsa ne ake yanke hukuncin ko magani zai shekara ashirin yana aiki a jikin mutum, ko kuwa cutar za ta bijire masa cikin 'yan makonni. A nawa ganin, babban abin da masu bincike suka koya a wannan fage shi ne zaɓen wurin da ya kamata a riƙe, domin ƙarfin riƙo shi kaɗai bai taɓa wadatarwa ba.

Bairos ɗin, wanda Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier da abokan aikinsu suka ware a Cibiyar Pasteur da ke Faransa a 1983, ba shi da kayan aiki masu yawa. Haruffan RNA da ke ɗauke da gadonsa ba su kai 10,000 ba, furotin ɗin da yake sarrafawa kuma kimanin 15 ne. Uku daga cikinsu enzayim ne, wato furotin da ke gudanar da wani aikin sinadarai na musamman. Na farko, ribas-tiranskiriftes, makwafi ne da ke mayar da RNA ɗin bairos zuwa DNA. Na biyu, intagires, shi ke dasa wannan DNA a cikin gadon mutum. Na uku, furotiyes, yana yanka doguwar sarƙar furotin da tantani ya ƙera wa bairos zuwa gutsattsari masu aiki, kuma in bai yi yankan nan ba, sabon bairos ɗin da ya fito ba zai iya kama kowane tantani ba. Ban da su akwai gp120 da gp41 da ke fatar waje, waɗanda bairos ke shiga tantani da su, da kuma kafsid, wato kwanson da ya lulluɓe gadon.

Wahalar ta taso ne daga makwafin, domin ba ya komawa ya gyara kuskurensa. Yana yin kuskure kimanin sau ɗaya a kowane harafi 30,000 da ya kwafa, kuma lissafin da David Ho da Alan Perelson suka fitar a 1996 ya nuna cewa jikin mutumin da ba ya shan magani yana samar da sababbin bairos kusan biliyan 10 a kowace rana. Idan aka haɗa waɗannan alƙaluma biyu, za a ga cewa duk wani sauyin harafi ɗaya da zai yiwu a gadon bairos ɗin yana aukuwa kullum a jikin mutum guda, tun kafin ya taɓa sa magani a bakinsa. Saboda haka maganin da sauyi ɗaya zai iya kwance riƙonsa, ba tare da sauyin ya naƙasa bairos ɗin ba, ba zai yi nisa ba idan aka ba da shi shi kaɗai.

Don a ga riƙon da ido, sai an tsarkake furotin ɗin, an haɗa shi da maganin, an lallaɓa shi har ya daskare ya zama ɗan kiristal, sannan a haska masa hasken eksire a lissafa matsayin kowane atam daga yadda hasken ya warwatsu. Wani furotin yakan ci wa masu bincike shekaru kafin ya yarda ya daskare. A baya-bayan nan an ƙara da wata hanya, inda ake sanyaya furotin nan take a cikin siririyar ƙanƙara, a ɗauki hotunansa dubun-dubatai da na'urar ilaktiron, kwamfuta ta haɗa su su zama siffa ɗaya. Akwai kuma na'urar da ke auna ɗan zafin da ke fita a daidai lokacin da magani ya kama furotin, wadda ke nuna ƙarfin riƙon da kuma inda ƙarfin ya fito.

An samu maganin farko tun kafin a ga siffar abin da yake kamawa. Jerome Horwitz ya haɗa AZT a 1964 da niyyar yaƙar ciwon daji, bai yi amfani ba aka ajiye shi, har zuwa 1985 da Hiroaki Mitsuya da Samuel Broder da abokan aikinsu suka nuna cewa yana hana HIV hayayyafa, aka kuma amince da shi a Amurka a 1987. Aikinsa yaudara ce. Yana kama da timidin, ɗaya daga cikin tubalan ginin DNA, sai dai ba shi da ɗan maƙalin iskar oksijin da haidirojin da tubali na gaba ke kamawa. Bayan enzayim ɗin jikin mutum sun liƙa masa fosfet uku, makwafin yana ɗaukarsa a matsayin tubali na gaskiya ya jera shi a sarƙa, daga nan ginin ya tsaya cak. Lamivudine da emtricitabine da tenofovir duk a kan wannan dabara suke, kodayake tenofovir, wanda ya fito daga aikin Antonín Holý da Erik De Clercq, yana zuwa da kwatankwacin fosfet ɗinsa na farko a jikinsa.

Hanyoyi biyu bairos ɗin ya bi ya kuɓuta, kuma kowacce tana da abin koyo. A kan AZT, yakan tara sauye-sauye da dama, irin su na gurbi na 41 da na 215 a jerin amino asid ɗin makwafin, wato tubalan da suka gina sarƙarsa, waɗanda ke buɗe wa ATP, sinadarin makamashin tantani, wurin zama, shi kuma ya ɓamɓare maganin daga bakin sarƙar don gini ya ci gaba. A kan lamivudine kuwa sauyi ɗaya ya isa, wanda likitoci ke kira M184V, wato amino asid ɗin metiyonin da ke gurbi na 184 ya koma balin. Reshen balin yana tokare zoben maganin, sai ya kasa zama daidai. To amma gurbi na 184 yana tsakiyar wurin aikin enzayim ɗin ne, don haka bairos mai wannan sauyi ba ya hayayyafa da kuzarinsa na da, kuma yakan ƙara jin AZT da tenofovir. Wannan ne ya sa likitoci kan bar majiyyaci a kan lamivudine ko bayan an ga M184V a gwajinsa. A nan aka fara gani ƙarara cewa bijire wa magani yana da farashi, kuma farashin yana ƙaruwa gwargwadon kusancin wurin riƙon da aikin da bairos ba zai iya bari ba.

A 1992 ɗakin binciken Thomas Steitz da ke Jami'ar Yale ya fitar da siffar makwafin tare da wani maganin HIV mai suna nevirapine a jikinsa, shekara guda bayan haka na Eddy Arnold da ke Jami'ar Rutgers ya fitar da ita tare da DNA. Enzayim ɗin sarƙoƙi biyu ne, ɗaya mai amino asid 560, ɗaya mai 440, kuma babban ɓangarensa ya yi kama da hannun dama har masu binciken suka raɗa wa sassansa yatsu da tafi da babban yatsa. Nevirapine ba ya zuwa inda ake jera tubalan. Yana zama a wani rami mai maiƙo da ke nesa da wurin da kimanin angistiron 10, angistiron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan 10 na mita. Abin mamaki shi ne, idan aka duba enzayim ɗin babu magani, ramin ma ba ya nan. Sai maganin ya zo ne amino asid biyu, tairosin na gurbi na 181 da na 188, suke juyawa sama su buɗe masa wuri, kuma wannan juyawa ce ke sandarar da babban yatsan ta gurɓata jerin wurin aiki har kwafi ya gagara.

Dabara ce mai kyau ƙwarai, amma rauninta yana cikinta. Bairos ba ya amfani da ramin nan don wani aiki, saboda haka yana iya sauya bangonsa kusan kyauta. Sauyin Y181C yana cire zoben da nevirapine ke jingina da shi. Shi kuwa K103N, wanda ke karya nevirapine da takwaransa efavirenz gaba ɗaya, bai cika taɓa cikin ramin ba. Abin da yake yi shi ne ƙulla wani ɗan ɗauri a bakin ramin, wanda ke sa buɗewarsa ta yi wuya. An ga sakamakon haka a jikin mutane. Binciken da aka yi a Yuganda, wanda sakamakonsa ya fito a 1999, ya nuna cewa shan nevirapine sau ɗaya lokacin naƙuda, da ba jariri sau ɗaya, yana rage yaɗuwar cutar daga uwa zuwa ɗa da kusan rabi idan aka kwatanta da shan AZT na ɗan gajeren lokaci, kuma babu shakka ya ceci jarirai masu ɗimbin yawa. Sai dai maganin yana daɗewa a jini yana raguwa sannu a hankali, kuma a wannan tsakani bairos mai turjiya, wato wanda ba ya jin maganin, ya bayyana a jikin iyaye mata da yawa. Daga baya binciken Hukumar Lafiya ta Duniya ya gano cewa a ƙasashe da dama, fiye da kashi 10 cikin ɗari na masu fara shan magani sun riga sun ɗauko bairos da ba ya jin rukunin nevirapine da efavirenz. HIV-2 ma, wato nau'i na biyu na bairos ɗin, tun asali ba ya jin sa, domin bangon raminsa daban yake.

Amsar da ƙungiyar Paul Janssen a Beljiyam ta bayar, tare da Arnold da Kalyan Das, ita ce magani mai lanƙwasuwa. Etravirine, da aka amince da shi a 2008, da rilpivirine na 2011, suna da gaɓoɓi masu juyawa, ta yadda idan bangon ramin ya sauya sukan murɗa jikinsu su sake zama ta wata fuskar. Wannan ya taimaka sosai, amma bai kawar da asalin matsalar ba, domin har yanzu ramin ba shi da tsada a wurin bairos.

Labarin furotiyes ne ya fi burge ni, kuma a kansa nake so in tsaya. Sarƙoƙi biyu ne iri ɗaya, kowacce amino asid 99, da suka haɗu suka bar kwari a tsakaninsu. A ƙasan kwarin akwai asfatik asid biyu, ɗaya daga kowace sarƙa, dukansu a gurbi na 25, waɗanda ke riƙe ƙwayar ruwa guda su yi amfani da ita wajen tsinka sarƙar furotin. A sama kuma akwai marufi biyu masu motsi, da ke buɗewa abin yanka ya shiga, su rufe a kansa. An warware wannan siffa a 1989, daga masu binciken kamfanin Merck da kuma ƙungiyar Alexander Wlodawer, wadda ta yi aiki da furotin ɗin da Stephen Kent ya haɗa da hannu a ɗakin gwaji. Cikin shekara shida aka sami saquinavir a ƙarshen 1995, sai ritonavir da indinavir a 1996, shekarar da haɗa magunguna uku ya sauya makomar masu ɗauke da cutar.

Magungunan nan suna kwaikwayon siffar da sarƙar furotin ke ɗauka a daidai ƙiftawar da ake tsinka ta, wadda ita ce siffar da enzayim ɗin ya fi riƙewa da ƙarfi. A wurin da ya kamata a tsinka sai aka sa wani haɗi da ba ya tsinkuwa, mai ɗauke da oksijin da haidirojin da ke zama daidai tsakanin asfatik asid ɗin nan biyu. Enzayim ɗin ya rufe marufinsa a kan abin da ba zai iya yankawa ba, kuma ba zai iya saki da sauri ba. Idan aka duba hotunan da kyau, za a ga wata ƙwayar ruwa guda ɗaya a ƙarƙashin marufin, tana haɗa maganin da gurbi na 50 na kowace sarƙa da ɗaurin haidirojin huɗu. Wannan ƙwayar ruwa ta ci wa masu haɗa magunguna tunani mai yawa, har aka ƙera tipranavir, wanda ke ture ta ya kama marufin da kansa.

Duk da haka turjiya ta zo, ta hanyar sauye-sauye a gurabe irin su 30 da 48 da 82 da 84 da 90. Tambayar da Celia Schiffer ta Jami'ar Massachusetts ta yi a kan wannan ta yi ma'ana ƙwarai: ta yaya enzayim zai sauya har ya daina riƙe magani, amma ya ci gaba da gane wurare kimanin goma da dole ya yanka, alhali jerin amino asid ɗin wuraren nan bai yi kama da juna ba? Da ita da abokan aikinta suka ɗora hotunan waɗannan wurare a kan juna, sai suka ga cewa duk da bambancin jerinsu, fili iri ɗaya suke cikewa a cikin kwarin. Siffa enzayim ɗin yake ganewa. Da aka ɗora hotunan magungunan a kan wannan fili, sai aka ga kowane magani yana da inda ya zarce iyakarsa ya taɓa bangon kwarin, kuma a daidai wuraren da ya zarce ɗin ne sauye-sauyen turjiya ke fitowa. Dalilin a fili yake, domin a can ne bairos zai iya sauya bango ya cutar da magani ba tare da ya cutar da abin da yake yankawa ba.

Arun Ghosh, wanda ya yi aiki tare da Mitsuya ɗin nan na AZT, ya iso wannan wuri ta wata hanyar. Kowane amino asid yana da reshe da ya bambanta shi da sauran, yana kuma da ɓangaren da ya shiga ƙashin bayan sarƙar, wanda iri ɗaya ne ga kowa. Sauyin gado yana musanya reshe, amma ba ya iya kawar da ƙashin baya daga wurinsa ba tare da enzayim ɗin ya lalace ba. Wanda ya riƙe mutum a riga yana iya tsintar kansa da riga a hannu mai ita ya sulale, wanda ya riƙe shi a wuyan hannu kuwa ya riƙe shi. Ghosh ya ƙera wasu zobba biyu a haɗe, kowanne da atam ɗin oksijin, waɗanda ke ƙulla ɗaurin haidirojin kai-tsaye da ƙashin bayan gurbi na 29 da na 30. Daga nan aka sami darunavir, da aka amince da shi a 2006. Bambancinsa da amprenavir, wanda ya riga shi, kusan zobe ɗaya ne kawai, amma riƙonsa ya ninka na amprenavir kimanin sau 100, kuma galibinsa yana cikin filin nan da Schiffer ta zana. Sai bairos ya tara sauye-sauye da yawa a lokaci guda kafin ya kuɓuce masa, abin da ba kasafai yake faruwa ba ga wanda ya fara magani da shi. Ritonavir kuma, a gefe guda, ya sami wani aikin da ba a ƙera shi dominsa ba: yana kama ƙarfen da ke tsakiyar wani enzayim na hanta mai suna CYP3A4, sai hanta ta rage saurin narkar da sauran magungunan, shi ya sa ake ƙara ɗan kaɗan daga cikinsa a kan darunavir.

Intagires ya fi sauran ba da wahala. Aikinsa mataki biyu ne: yana datse haruffa biyu daga kowane bakin DNA ɗin bairos, sannan ya soka bakin da ya datse a cikin DNA ɗin mutum, kuma a duka matakan yana dogara da atam biyu na magnesiyam da amino asid uku ke riƙewa a gurbi na 64 da 116 da 152. Daria Hazuda da abokan aikinta a Merck suka gano a 2000 wasu sinadarai da ke hana mataki na biyu, raltegravir ya fito a 2007, amma babu wanda ya ga yadda yake zama, domin maganin ba ya kama enzayim ɗin da kyau sai yana haɗe da DNA, shi kuma na HIV ya ƙi daskarewa a wannan hali. Peter Cherepanov da ƙungiyarsa a Landan suka kewaye matsalar a 2010 ta hanyar amfani da intagires na wani bairos ɗan'uwan HIV wanda ya fi sauƙin sarrafawa. Hotunan na HIV kansa sun zo daga baya ta na'urar ilaktiron, a 2017, sannan tare da magani a 2020.

Abin da hotunan suka nuna yana da kyau a tsaya a kalle shi. Atam uku na oksijin a jikin maganin, a jere, suna kama magnesiyam ɗin nan biyu. Wani zobe mai ɗauke da fulorin kuma yana kutsawa cikin wurin da harafin ƙarshe na DNA ɗin bairos yake zaune, ya ture harafin gefe, ya kwanta a kan harafin da ke biye da shi. Da wannan zama ɗaya an kawar da bakin da zai yi sukar, an kuma toshe wurin da DNA ɗin mutum zai kwanta. Ke nan maganin ya jingina da magnesiyam ɗin nan biyu da bairos ba zai iya aiki babu su ba, da kuma haruffan bakin DNA da ba ya iya sauyawa. Raltegravir yana da ƙarin zobe da ke kwanciya a kan tairosin na gurbi na 143, kuma a nan ne ɗaya daga cikin hanyoyin bijire masa ta ɓullo. Dolutegravir, na 2013, bai dogara da wannan gurbi ba.

A nan ne batun tsawon zama ya fito fili. Wani gwaji da aka wallafa a 2011 ya auna lokacin da rabin maganin ke ɗauka kafin ya saki enzayim ɗin: elvitegravir, wani maganin wannan rukuni, awa 2.7, raltegravir awa 8.8, dolutegravir kuwa awa 71. DNA ɗin bairos ba ya jira har abada. In ba a dasa shi ba, tantani yana narkar da shi ko ya naɗe shi ya zama zoben da ba ya haifar da komai, don haka maganin da ya zauna kwana uku ya wuce wa'adin da bairos ke da shi. Ko da sauyi ya rage masa wannan lokaci, sau da yawa abin da ya saura yana isa. Sauyin R263K da ake gani a kan dolutegravir ɗan ragi kawai yake yi wa ƙarfin maganin, yana kuma raunana enzayim ɗin. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa dolutegravir a sahun farko ga kowa, kuma a yau shi ne ginshiƙin ƙwayar nan ɗaya da ake haɗa shi da tenofovir da lamivudine. Ba a ce turjiya ba ta yiwuwa ba, domin ana samun ta, musamman ga waɗanda suka daɗe suna shan magani cutar ba ta kwanta ba, kuma wajibi ne a ci gaba da sa ido.

Akwai wani abu a nan da nake fata kowane mai shan maganin ya sani. Oksijin ɗin nan uku ba sa bambanta magnesiyam ɗin bairos da wanda ke cikin maganin ƙwannafi, haka ma kalsiyam da sinadarin ƙarfe na maganin ƙarin jini. Idan suka haɗu a hanji, maganin yana kama su a can, ya kasa shiga jini yadda ya kamata. Shi ya sa ake umartar a sha dolutegravir awa 2 kafin irin waɗannan, ko awa 6 bayansu.

Magungunan da ke tare ƙofar shiga ba su yaɗu kamar sauran ba. Enfuvirtide na 2003 guntun furotin ne mai amino asid 36 da ke liƙe wa gp41 ya hana shi naɗewar da ke haɗa fatar bairos da ta tantani. Maraviroc na 2007 ya bar bairos ɗin ya kama furotin ɗin mutum mai suna CCR5, ƙofar da bairos ke shiga tantani ta ita, ya nutse a cikinsa ya sauya siffar da gp120 ke nema, sai dai ba ya amfani a kan bairos da ya koma shiga ta wata ƙofar mai suna CXCR4.

Kafsid kuwa an daɗe ana ganin ba zai kamu ba, domin ba enzayim ba ne, ba shi da wurin aiki guda da za a toshe. Furotin ɗaya ne da ke jeruwa shida-shida har kimanin rukuni 250, da biyar-biyar rukuni 12, su gina kwanso mai tsini a gefe ɗaya. Aikin shekaru da Wesley Sundquist na Jami'ar Utah da wasu suka yi ya nuna cewa ɗan ƙari ko ragi a ƙarfin kwanson yana kashe bairos ɗin, kuma an ga daga baya cewa kwanson yana ratsa ƙofar cibiyar tantani ba tare da ya wargaje ba. Don ya yi wannan tafiya, yana kama wasu furotin na mutum, irin su Nup153 da CPSF6, a wani rami da ke tsakanin furotin biyu masu maƙwabtaka a cikin rukunin shida ɗaya. A wannan rami lenacapavir ke zama. Babban sinadari ne mai atam 10 na fulorin, yana taɓa furotin biyu a lokaci guda ya ɗaure su, yana tare wurin da furotin ɗin mutum za su kama, yana kuma sandarar da kwanson fiye da ƙima. Idan tantani ya zo ƙera sabon bairos, maganin yana nan, sai kwanson ya fito a karkace.

Saboda ɗan kaɗan daga cikinsa yana isa, kuma ba ya narkewa da sauri a ƙarƙashin fata, jiki ma ba ya saurin fitar da shi, allura ɗaya tana ɗaukar wata shida. An amince da shi a 2022 ga waɗanda sauran magunguna suka gaza musu. A gwajin rigakafi da aka yi a Afirka ta Kudu da Yuganda, wanda sakamakonsa ya fito a 2024, babu ko mace ɗaya da ta kamu a cikin 2,134 da aka yi wa allurar, kuma a 2025 Amurka ta amince da shi don rigakafi. Ban san wani sakamako a wannan fage da ya faranta mini rai kamar wannan ba.

Duk da haka, ƙa'idar da ta hau kan sauran ta hau kansa. Ramin yana da tsada a wurin bairos, amma ba duk bangonsa ba. Sauyin M66I yana rage ƙarfin maganin ƙwarai da gaske, sai dai yana barin bairos ɗin a gurgunce. Q67H kuwa ragin da yake yi bai kai haka ba, amma bai cika naƙasa bairos ɗin ba, kuma ana iya samun sa tare da wasu sauye-sauyen. An ga irin waɗannan ne galibi a jikin majiyyatan da sauran magungunansu ba sa aiki ko ba sa shan su, ta yadda lenacapavir ya zama shi kaɗai a fage. Abin da ya fi damuna shi ne bayan allura ta ƙarshe. Maganin yana iya kai shekara guda ko fiye a jiki yana raguwa, kuma wanda ya kamu da cutar a wannan tsakani zai haɗa bairos da maganin da bai isa ya danne shi ba amma ya isa ya zaɓi mai turjiya, kwatankwacin abin da ya faru da nevirapine. Dalili ke nan da ya sa ake gwada mutum kafin kowace allurar rigakafi, ake kuma neman wasu magungunan masu dogon zango da za su riƙe bairos ɗin ta wani wurin daban na tsawon watanni shida ɗin nan, don a haɗa su da lenacapavir wajen jinya.